Darasin Tarihi: A Ina Dutsen Ɗur Yake?

Ya kai ɗalibi, ka sha karanta sunan Ɗur a Suratut Tin da Suratul Ƙasas, wato dutsen da Allah Ya yi magana da Annabi Musa (AS) a gefensa. To, a ina yake?

Magana mafi shahara ita ce Jabal Musa ne, a kudancin Sina'i ta ƙasar Masar, mai tsawon mita 2,285. Tun ƙarni na 4 Miladiyya Kiristoci ke ziyartarsa. A gindinsa Sarkin Rum Jastiniyan ya gina gidan ibadar Santa Katarina a ƙarni na 6, akwai ma masallaci a ciki tun zamanin Faɗimiyawa. Sai dai ka lura, tsakanin Annabi Musa da maziyartan farko akwai fiye da shekara 1,000.

Waɗansu kuma suka ce a'a, Jabal Lauz ne, a yankin Tabuka ta Saudiyya. Hujjarsu, can ne ƙasar Madyana, kuma Attaura ta ce kiwon garken surukinsa ne ya kai shi dutsen. Masu raddi suka ce ai makiyayi yana nisa wajen neman ciyawa. A Suratul Ƙasas kuwa, sai da ya cika wa'adi ya kama hanya da iyalinsa, sannan ya hangi wutar.

Har yau masu tonon tarihi ba su sami rubutun wancan zamani da ya raba gardama ba. Saboda haka, ɗalibi, ka riƙa bambance abin da nassi ya faɗa da abin da mutane suka kintata. Allah ne Mafi sani.