Haƙƙin Mallakar Magani da Farashinsa a Ƙasashe Matalauta

Kamfanin da ya ƙirƙiro sabon magani yana riƙe da haƙƙin mallakarsa na shekara 20, kamar yadda yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta tanada tun 1995. A tsawon wannan lokaci babu mai haɗa maganin sai da izininsa. Akwai hujja a ciki, domin bincike na cin shekaru da dukiya, kuma galibin sinadaran da ake gwadawa ba sa kaiwa kasuwa. Sai dai mai kaya shi kaɗai ke yanka farashi, mara lafiya kuwa ba shi da halin jira.

Cutar ƙanjamau ce ta fito da wannan fili. A shekarar 2000, maganin mutum ɗaya na shekara guda ya haura dala 10,000. Da Afirka ta Kudu ta yi dokar sauƙaƙa shigo da magani mai rahusa a 1997, kamfanoni 39 suka maka gwamnatin a kotu, ba su janye ba sai a 2001 bayan duniya ta yi musu ca. A wannan shekarar ce kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin haɗin magani uku a kan dala 350 a shekara. Ya samu damar haka ne saboda dokar Indiya ta 1970 hanyar haɗa magani kawai ta kare, ban da maganin kansa.

A Nuwamban 2001 sanarwar Doha ta tabbatar wa gwamnatoci ikon ba da lasisin tilas, wato a ba wani kamfani izinin haɗa maganin, a biya mai haƙƙin wani kaso. Ƙasashe mafiya talauci, irin su Nijar da Chadi, an ɗauke musu wajibcin kare haƙƙin mallakar magunguna har zuwa 2033. Najeriya da Ghana ba sa cikinsu.

Wata hanya mai tasiri ita ce lasisin ganin dama, wato mai haƙƙin da kansa ya ba wasu kamfanoni izinin haɗa maganin. Ta hannun hukumar Medicines Patent Pool, wadda aka kafa a 2010, aka ba da lasisin maganin ƙanjamau dolutegravir a 2014, har haɗinsa ya sauko zuwa kimanin dala 75 a shekara a 2017.

Masu ba da magani a asibiti da kemis suna yawan cin karo da marasa lafiya da ke ƙin karɓar irin wannan magani mai rahusa da wasu kamfanoni ke haɗawa, wai “ɗan Indiya” ne, jabu ne. Wannan kuskure ne mai tsada. Sinadarinsa ɗaya, ƙarfinsa ɗaya da na asalin, muddin yana da rajistar hukuma, kamar lambar NAFDAC a Najeriya.