Shawarwari: Yin Mutum-mutumi Mai Kamar Tagulla da Kuɗi Kaɗan

Tagulla ta gaske haɗin jan ƙarfe ce da kuza. Narka ta a zuba, yadda maƙeran Benin da Ife suka yi ɗaruruwan shekaru da suka wuce, ya fi ƙarfin aljihun magidanci. Amma in don wasan kwaikwayon makaranta ne, ko adon shago, takarda da fenti sun wadatar. Wanda ba ya son surar mai rai sai ya yi ƙaton tulu ko tambari, hanyar duk ɗaya ce.

1. Fara da ƙashi. Kai guntayen rodi wurin mai walda ya haɗa maka baya, kafaɗu da ƙafafu. Tsayin babban mutum ya kai tsawon kansa sau bakwai da rabi, sai ka auna kafin a yanka. Dasa ƙafafun cikin tsohuwar tayar mota da aka cika da siminti, domin abu mai tsayin mutum in ya faɗo wa yaro ba wasa ba ne.

2. Naɗe rodin da ragar kaji, ka lanƙwasa ta siffar jiki, ka cusa tsofaffin jaridu da gorunan roba a ciki. Sa safar hannu, wayar tana yanka.

3. Takardar buhun siminti ta fi jarida ƙarfi. Yayyaga ta da hannu, kada ka sa almakashi, don bakin da aka yaga ya fi kwanciya. Tsoma ta cikin gam ɗin kafinta da aka sirka da ruwa, ko dafaffen sitaci da ɗan gishiri don kada ya yi funfuna. Shimfiɗa ta a kan ragar sau biyar ko shida, kowace shimfiɗa ta bushe kafin ta gaba. Da hunturu aikin ya fi sauri; da damina sai haƙuri.

4. Kada ka wahalar da kanka wajen sassaƙa riga. Ɗauko tsohuwar babbar riga, jiƙa ta sharkaf da gam, sa wa mutum-mutumin, gyara ninkinta, ka bar ta ta sandare. Haka ma rawani.

5. Fuska da hannuwa a shafe su da POP, irin na masu silin, a goge da samfefa. Yana zafi lokacin da yake daskarewa, saboda haka kada kowa ya tsoma hannu ciki wai don ɗaukar siffa. Yana ƙona fata.

6. Fenti, nan ne mutane da yawa ke ɓata aikinsu. Sai su sayo ruwan gwal su fesa ko'ina, abin ya fito yana ƙyalli kamar kofin gasar ƙwallo. Tsohuwar tagulla duhu gare ta. Fara da baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, ka rufe kowane lungu. In ya bushe, ɗiga ruwan tagulla a busasshen buroshi, goge shi a kwali har ya kusa ƙarewa, sannan ka riƙa shafar wuraren da suka taso kawai: hanci, kunci, gwiwa, bakin ninkin riga. Lunguna su zauna da duhunsu. Haka tagulla ta gaske take, inda hannu ke yawan taɓawa nan ke haske. Ni dai nakan ja da baya taku biyar bayan kowace shafa in duba, kuma kusan kullum na tarar ya isa tun kafin in zata.

7. Tagullar da ta daɗe a waje tana yin kore-kore. Sirka fenti kore da ɗan shuɗi da ruwa sosai, zuba cikin ninkin, ka goge da tsumma nan take. Daga ƙarshe a murza masa man goge takalmi ruwan ƙasa.

8. Na takarda na cikin ɗaki ne, ruwa da gara ba za su bar shi ba. In tsakar gida zai zauna, a shafe ragar da siminti awo ɗaya, yashi awo uku, a riƙa yayyafa masa ruwa kwana 7, sannan a jira ya bushe ƙarau kafin a sa fenti.