Takalmin Zinariya

A ƙasar Ingila akwai wata babbar gasar ƙwallon ƙafa da ake kira Firimiya. An soma ta a shekarar 1992. Tun daga 1995, ƙungiyoyi 20 ne suke shigarta. Bisa al'ada ana fara wasa cikin watan Agusta, lokacin da damina ta yi tsakiya a ƙasar Hausa, a gama cikin watan Mayu, lokacin bazara. Wannan tsawon lokaci shi ake kira kakar wasa.

Kowace ƙungiya tana karawa da sauran 19 sau biyu: sau ɗaya a filinta, sau ɗaya a filin abokiyar karawarta. Ke nan kowace tana yin wasa 38. Wadda ta ci wasa tana samun maki 3. Idan an yi kunnen doki, kowace ta sami maki 1. Wadda aka cinye ba ta samun kome. A ƙarshen kaka, ƙungiyar da ta fi yawan maki ita ke ɗaukar kofi.

Kofi na ƙungiya ne gaba ɗaya. Amma akwai wata kyauta da ake ba ɗan wasa shi kaɗai. Sunanta Takalmin Zinariya. Tana da siffar takalmin ƙwallo, launinta na zinariya. Ba a sa ta a ƙafa, ajiye ta ake yi don tunawa. Ana ba da ita kowace shekara ga wanda ya fi kowa jefa ƙwallo cikin raga.

Yadda ake ƙidaya

Wannan kyauta ba zaɓe ake yi ba kafin a ba da ita, ƙidaya ake yi. Duk ƙwallon da ɗan wasa ya ci ana rubuta masa, ko da ƙafa ya ci shi, ko da kai. Ƙwallon da ya ci a wata gasa dabam ba ya shiga lissafi. Idan kuma ya yi kuskure ya jefa cikin ragarsu, ba a ƙidaya masa.

Wanda ya fara samun kyautar shi ne Teddy Sheringham, a 1993, da ƙwallo 22. Ɗan Afirka na farko da ya same ta shi ne Didier Drogba na ƙasar Kodebuwa, a 2007, da ƙwallo 20. Ya sake samunta a 2010 da ƙwallo 29. A 2023 Erling Haaland ya ci ƙwallo 36. Kafin shi babu wanda ya taɓa cin haka cikin kaka ɗaya a wannan gasa. Thierry Henry na Faransa ya karɓi kyautar sau 4. A 2025 Muhammad Salah na Masar ya kamo shi, shi ma ya cika sau 4.

Ranar ƙarshe ta kakar 2019

Ranar Lahadi, 12 ga watan Mayu 2019, ita ce ranar wasan ƙarshe. A irin wannan rana duk wasanni 10 tare ake fara su, don kada wata ƙungiya ta san sakamakon wata kafin ta shiga fili.

Da safiyar ranar, Manchester City tana da maki 95, Liverpool tana da 94. Wajen cin ƙwallo kuwa, Salah na Liverpool ne a gaba da 22. Mutum uku na biye da shi, kowa da 20: Sadio Mane na Liverpool, da Pierre-Emerick Aubameyang na Arsenal, da Sergio Aguero na Manchester City.

Ba a daɗe da fara wasa ba sai Mane ya ci ƙwallo. Filin Liverpool ya kaure da sowa. Can kuma sai labari ya zo cewa an jefa wa Manchester City ƙwallo ɗaya. Magoya bayan Liverpool suka yi ta tsalle, suna ganin kofi ya zo hannu. Murnar ba ta daɗe ba. Kafin minti biyu su cika, Aguero ya rama.

Bayan hutun rabin lokaci, a wani fili dabam, Aubameyang ya ci ƙwallo biyu, ya kamo Salah. Ana kusa da tashi, wani mai tsaron baya na Liverpool, Trent Alexander-Arnold, ya ɗago ƙwallo daga gefe. Mane ya sa kai, ƙwallo ya faɗa raga. Shi ma ya cika 22. Salah bai ci ba ran nan.

Da aka busa tashi, sai ga mutum uku da ƙwallo 22 kowannensu. Aka ba kowa nasa takalmi. Dukansu kuwa ƴan Afirka ne. Salah ya tashi a ƙauyen Nagrig, a Masar. Tun yana yaro yakan yi tafiyar awoyi da yawa cikin mota zuwa Alƙahira don koyon wasa. Mane ya tashi a ƙauyen Bambali, a kudancin Senegal. Aubameyang an haife shi a Faransa, amma ya zaɓi ya yi wa Gabon wasa, ƙasar mahaifinsa.

To, ina kofi? Manchester City ta ci wasanta da 4 da 1, ta gama da maki 98. Liverpool ta gama da 97. Sau ɗaya tak aka cinye ta a duk kakar, kuma tana da masu Takalmin Zinariya har biyu, amma kofi ya kuɓuce mata da maki guda. Aguero bai sami takalmi ba, don 21 ya ci. Sai dai abokansa da yawa sun ci nasu, har ƙungiyarsu ta tara ƙwallo 95, Liverpool kuwa 89.

A kakar da ta biyo, ta 2020, abin ya juya. Liverpool ta ɗauki kofin da ta yi shekara 30 tana jira. A wannan karo ba Salah ba ne ya sami takalmin, ba kuma Mane ba. Jamie Vardy na Leicester ne ya same shi da ƙwallo 23.

Sunan mutum ɗaya ake rubutawa idan ƙwallo ya shiga raga. Amma kafin ya shiga, wani ne ya ƙwato shi, wani ya tura, wani ya ɗago. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ma'anar kalmomi

Takalmin Zinariya: le Soulier d'or
gasa: le championnat
kakar wasa: la saison
ƙungiya: l'équipe
mai cin ƙwallo: le buteur
mai tsaron baya: le défenseur
kunnen doki: le match nul
maki: le point
raga: le filet

Tambayoyi

1. Wa ake ba Takalmin Zinariya?
2. Mene ne bambancin kofi da Takalmin Zinariya?
3. Don me ake fara wasannin ranar ƙarshe lokaci ɗaya?
4. Su wa suka sami takalmin a 2019? Daga waɗanne ƙasashe suke?
5. Wa ya ɗago wa Mane ƙwallonsa na biyu? An ƙidaya masa wannan ƙwallo?
6. A ganinku, wa ya fi murna ran nan, Aguero ko Mane? Ku faɗi dalili.

Lissafi

1. A kakar 2019 Liverpool ta ci wasa 30, ta yi kunnen doki 7, an cinye ta sau 1. Maki nawa ta samu?
2. Manchester City ta ci wasa 32, ta yi kunnen doki 2, an cinye ta sau 4. Maki nawa ta samu?
3. Da Liverpool ta ci ɗaya daga cikin wasannin da ta yi kunnen doki, maki nawa za ta samu? Wa zai ɗauki kofi?

Aikin yi

1. Ku nemi Masar da Senegal da Gabon da Kodebuwa bisa taswirar Afirka.
2. A wasanku na gaba, wani ya riƙe allo da alli. Duk ƙwallon da ya shiga, ya rubuta suna biyu: na wanda ya ci, da na wanda ya ba shi.
3. Ku rubuta jimla 5 a kan wani aiki na gida ko na gona da mutum ɗaya ba ya iya gamawa shi kaɗai.