Masara Mai Jure Wa Matacciyar Ƙasa

Masara baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Asalinta daga Meksiko take, jiragen ruwan Turawa ne suka kawo ta Afirka kimanin shekara 500 da suka wuce. A da, a bayan gida ake shuka ta, inda ake zubar da toka da kashin awaki, domin a sami ta gashi kafin gero ya nuna. Sai daga wajen 1975, da takin zamani ya yawaita, ta fita zuwa manyan gonaki, irin na Funtuwa da Zariya.

To, masara tana da ci ƙwarai. Babban abincinta a cikin ƙasa shi ne wani sinadari da ake kira naitirojin. Idan ya yi ƙaranci, sai ganyenta na ƙasa ya soma yin rawaya tun daga tsininsa, kara ya sirance, goyo ya fito ɗan mitsitsi. A irin wannan gona kuma wuta-wuta ta fi samun sarari. Mai hali yakan sayi taki ya zuba. Amma talaka fa? Sau da yawa kuɗin buhu guda ya fi ƙarfinsa, sai ya sha wahalar noma, kaka ta yi rumbunsa bai cika ba.

Saboda haka masana aikin gona suka tashi neman irin da zai jure. Akwai su a Samaru ta Zariya, inda aka kafa gonar gwaji tun 1922, da kuma cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967.

Dabararsu abar mamaki ce, gama da gangan suke kashe gona. Sukan yi ta shuka masara a fili ɗaya ba taki, suna kwashe kara da ganye duka, har ƙasar ta gaji. Akwai irin wannan fili a Makwa, cikin Jihar Neja. Sa'an nan su kawo iri daban-daban su shuka layi-layi. Wani sashe su ba shi naitirojin kilo 30 kaɗai a kadada, wani kuwa kilo 90, don a gwada.

Daga nan sai zuba ido. Suna duban wadda ganyenta ya daɗe yana kore bayan na sauran ya bushe. Suna ƙidaya goyon kowane layi. Suna kuma lura da kwanakin da ke tsakanin buɗewar furen da ke bisa kanta da fitowar gashin goyonta. Wannan ma yana da muhimmanci, domin in yunwa ta sa gashin ya makara, garin furen ya riga ya kaɗe, sai a ɓare goyo a tarar da totuwa mai giɓi. Da kaka a auna hatsin kowane layi. Waɗanda suka yi fice su ake haɗawa aure da juna, a shuka 'ya'yansu, a sāke zaɓe. Aikin yakan ci shekaru kafin iri ya kai hannun manoma.

Duk da haka, babu masarar da za ta yi albarka ba abinci sam. Sabon irin dai ya fi iya cin moriyar ɗan abin da ya samu. Shi ya sa malaman gona ke cewa a riƙa zuba takin gargajiya, a kuma shuka masara a inda aka noma gyaɗa ko waken suya bara, gama su sukan bar naitirojin a cikin ƙasa.