Zangon Jiragen Iska a Bakin Bahar Maliya

Mu da aka haifa a cikin birnin Kano, iyakar ruwan da muka tashi muka gani shi ne kududdufan unguwa da Jakara, in an yi nisa ƙwarai a ce Calawa. Amma kuwa daga cikin badalar nan kakanninmu suka riƙa fita, su doshi gabas, su bi ta Barno da Wadai da Darfur, wani ya shekara 2 a hanya, wani 7 yana tsayawa ƙwadago, har su iske teku ta tare musu gaba. To, yadda ake zama a jirgin da ya ƙetare da su, shi ne darasinmu.

Mu ɗauko taswira mu duba. Bahar Maliya doguwa ce siririya, tsawonta wajen mil 1,400. Daga Suwakin, tashar da Takari suka fi sani a gefen Sudan, zuwa Jidda kamar mil 200 ne, watau bai kai nisan Kano zuwa Sakkwato ba. Mai karatu ya ce ai kusa ne. Haka ne a takarda. Amma a wannan yanki iska daga arewa take busowa yawancin shekara, Jidda kuwa arewa maso gabas take da Suwakin. Jirgin da ba shi da inji, sai ƙaton zane mai kusurwa uku ɗaure a jikin itace, ba ya iya tunkarar iska kai tsaye, sai ya riƙa karkacewa dama da hagu. Saboda haka sau da yawa sarkin jirgi yakan bi gaɓa ya hau arewa tukuna, sa'an nan ya yanka tsakiya.

Bin gaɓar nan shi ne abin lura, gama ya yi kama da tafiyar fatake. Duk bakin tekun a kewaye yake da duwatsun murjani, waɗanda wasu ƙananan halittu ke ginawa a ƙarƙashin ruwa, masu kaifi, wasu ko kamu ɗaya ba su kai ba daga saman ruwa. Da dare ba mai ganinsu. Da rana kuwa launin ruwa ke tona musu asiri: inda ya yi shuɗi kamar an tsamo shi daga marinar Ƙofar Mata, akwai zurfi, inda ya yi kore, an fara zuwa tudu, inda ya yi ja-ja-ja, dutse ne, a kauce. Don haka akan sa yaro mai ido ya hau can ƙolin itacen jirgi yana kira. In rana ta yi ƙasa ta haske fuskar ruwa, ko mai idon shaho ba ya rarrabe komi, sai a nemi wurin kwana tun da la'asar sakaliya.

Wurin kwanan nan Larabawa suna ce masa marsa. Wani lungu ne da teku ta kutsa cikin tudu ta ƙofa matsattsiya, a waje raƙuman ruwa suna fashewa a kan murjani, a ciki kuwa ruwa kwance kamar a ƙwarya. Marsa ita ce zangonsu, sarkin jirgi shi ne madugu. A saki anka, a sauka kan rairayi, a tsinto itacen da ruwa ya turo, a gasa kifi, a ci da gurasa da dabino, a yi salla, kowa ya haƙa wa ƙugunsa gurbi a yashi ya kwanta. Da asuba a tashi. Sai dai zangon fatake yakan kasance kusa da rijiya da kasuwa, wannan kuwa ba gari, ba inuwa. Babu kogi ko ɗaya mai gudu dukan shekara da ke zuba a Bahar Maliya. Abin da ke cikin salka shi ne rai, in an yi sa'a a sami rijiya mai gishiri-gishiri, ko makiyayan Beja su kawo nono.

Ibn Jubairu, mutumin Andalus, ya ƙetare daga Aizab zuwa Jidda a 1183, ya yi wajen kwana 8 a ruwa saboda hadari. Ya bayyana cewa jiragen lokacin ba ƙusa ko ɗaya a jikinsu, ɗinke katakan ake yi da igiyar ɓawon kwakwa, a shafe su da man shanu ko man zurma ko man wani babban kifi, domin in sun gogi dutse su lanƙwasa maimakon su tsage. Zanen da iska ke turawa kuwa saƙar kaba ce, ta goruba, irin wadda muke tabarma da ita. Bayan shekara 670, a 1853, wani Baturen Ingila, Richard Burton, wanda ya ɓad da kama ya shiga cikin alhazai, ya yi kwana 12 daga Suwes zuwa Yanbu. Ƙusa ta shigo a lokacin, amma tsarin tafiya bai sāke ba: a yini ana tafiya, a kwana a marsa. Jirgin na mutum 60 ne, aka cusa 97. Ashe lodin direbobin lori ba sabon abu ba ne.

Da aka buɗe tashar Bur Sudan a 1909, manyan jiragen hayaƙi suka koma can, gidajen Suwakin na dutsen murjani suka soma zubewa, ko da yake alhazai sun ci gaba da bi ta nan domin binciken likita. A nan ne haɗari ya ƙaru ga talaka. Wanda ba shi da fasfo, ko guzurinsa ya ƙare, sai ya yi ciniki a ɓoye da mai jirgin iska, a ɗauke shi da dare daga wata marsa da ba kowa. Wasu sun isa lafiya. Wasu an sauke su a gaɓa nesa da Jidda, ƙishirwa ta gama da su. Wasu kuma, musamman yara, an sayar da su bayi, don ba a hana bauta a ƙasar Saudiyya ba sai 1962. Gida kuwa a yi ta jira, ba wasiƙa, ba labari.

Tun daga shekarun 1950 jirgin sama ya soma kwasar alhazai daga Kano, tafiyar shekaru ta koma ta awoyi. Marsoshin ba su tashi ba. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023, Turawa masu yawon duniya a ƙananan jiragen iska sukan yada zango a cikinsu in za su Suwes, su yi ninƙaya su kalli murjani, su hura wuta a rairayi, su jira iskar arewa ta lafa, wani lokaci mako guda cur. Suna da inji, suna da na'urar da ke nuna musu inda suke ta tauraron ɗan'adam. Duk da haka masu hankali daga cikinsu ba su shiga ƙofar marsa sai rana tana sama, da mutum tsaye a goshin jirgi yana duban launin ruwa.