Kashe Sauro Tun Yana Tsutsa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Jibiya a kan gulbin Gada, manoman rani sun sami ruwa, sauro ma ya samu. Ba tafkin ne ke haifar da shi ba sosai. Abin da ya fi so shi ne ɗan ruwan da ya kwanta yana shan rana, watau ragowar ban-ruwa a fangali, da kududdufin masu bulo, da sawun manyan motoci a Magama, inda ake jiran tsallakawa zuwa Maraɗi. Nan macen ke zuba ƙwai, ya zama tsutsa, cikin kamar kwana goma ya tashi.

To, tsutsa ba ta da fiffike, don haka ta fi sauƙin kashewa. Akwai wata ƙwayar halitta, Bti, wadda aka gano a wani kududdufi a Isra'ila a 1976. Ana barbaɗa ta a ruwa, tsutsa ta haɗiye, hanjinta ya fashe, cikin yini guda ta mutu. Ba ta cutar mutum, ko saniya, ko kifi. Aibinta biyu ne, sai an saya, kuma ƙarfinta ba ya wuce kamar mako guda.

Wanda ya fi kusa da talaka kuwa shi ne bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya. A daminar 2007 an gwada shi a Banizumbu, wani ƙauye a yammacin Nijar. Aka tsinci 'ya'yan, aka shanya, aka daka a turmi, ana barbaɗa garin a kududdufai sau biyu a mako. Da aka ƙirga, sauron zazzaɓi ya ragu kusan rabi. Bedi ba ya kisa nan take. Hana tsutsa yin saɓa yake yi, sai ta mutu ba ta yi fiffike ba. Kada manomi ya leƙa washegari ya gan ta tana motsi ya ce aikin banza ne.

Amma fa kada a zuba a rijiya, ko randa, ko inda ake kiwon kifi. Ramin da za a iya cikewa da ƙasa, a cike shi, ya fi arha. Sauro kuwa ba ya tsayawa wurin kwastan, saboda haka ƙauyukan da gonakinsu ke haɗe da na Nijar su shirya da maƙwabtansu a riƙa barbaɗawa rana ɗaya.