KOYON RUBUTU DA VIM: DARASI GA MALAMAN HAKIMAI

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Mata a birnin Kano ya ga marina a bakin karofi. An ce tun shekarar 1498 a ke rini a wurin. In ka tsaya ka lura da aikin marini za ka ga kashi biyu ne. Ya tsoma tufa cikin baba, sa'an nan ya tsamo ta ya ɗaga ta sha iska, gama a iska ne launin ke komawa shuɗi. Ba ya gama biyun a lokaci guda, kuma kullum ya san wanne ya ke yi. Malamin da zai koyi rubutu da manhajar kwamfuta da a ke kira Vim lalle ne ya riƙe wannan misali, don ita ma hali biyu gare ta, kuma yawancin wahalar masu koyo daga rashin sanin halin da su ke ciki ta ke tasowa.

ASALINTA DA AMFANINTA

A 1976 wani ɗalibi mai suna Bill Joy ya ƙirƙiro vi a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a Amurka. A 1991 Bram Moolenaar, mutumin Holan, ya fito da Vim, watau vi da aka inganta, ya yi ta kula da ita har rasuwarsa a 2023. Kyauta ce, ba a sayenta. Ba ta bukatar linzami, ba ta bukatar intanet, tsohuwar kwamfuta ma ta ishe ta. Ga ofishin Hakimi, inda a ke ajiye sunayen dagatai da masu unguwanni, da rajistar haihuwa, da bayanin rikicin iyakar gonaki, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin abin da aka rubuta da ita rubutu ne tsantsa wanda kowace kwamfuta za ta iya buɗewa ko bayan shekaru masu yawa.

HALI BIYU

Ka buga vim dagatai.txt a baƙin allo, ka danna Enter. To, ka shiga, amma ba a halin rubutu ka ke ba tukuna. Kana cikin halin umarni, inda kowane harafi aike ne. Domin ka fara rubutu sai ka danna i. In ka gama, ka danna Esc ka koma halin umarni. Harafin a kuwa yana fara rubutu bayan inda manuni ya ke, o kuma yana buɗe sabon layi a ƙasa.

Bari in ba da labarin abin da ya same ni sa'ad da na ke koyo. Na buga rahoto mai tsawo a zama ɗaya, na danna Esc, sai aka kira ni waje. Da na komo na mance halin da na bari, na fara buga kalmar kuɗi. Harafin k ya hau da ni layi ɗaya, u kuwa ya soke duk abin da na rubuta. Allo ya zama fayau. Na firgita, na rufe ba tare da na adana kome ba, aikin yini ya tafi. Ashe da na danna Ctrl tare da r, da rahoton ya komo ɗungum. Saboda haka ka'ida ta fari ita ce: in ka yi shakka, danna Esc. Ko sau biyu ka danna ba ya ɓata kome.

YAWO CIKIN TAKARDA

A halin umarni, h hagu ne, l dama, j ƙasa, k sama. Dalilin zaɓen waɗannan haruffa shi ne, na'urar da Bill Joy ya yi aiki da ita, ADM-3A, an zana kibiyoyi a kansu. Harafin w yana tsallaka kalma gaba, b baya. Sifiri yana kai ka farkon layi, alamar $ ƙarshensa. Buga gg ka koma saman takarda, babban G kuwa ƙasanta. In kana neman suna, buga / sa'an nan sunan, ka danna Enter. Ƙaramin n zai kai ka inda ya sake fitowa.

GYARA

Harafin x yana share harafi ɗaya, dw kalma, dd layi duka. Buga yy ka kwafi layi, p ka ajiye shi a ƙasa. Abin da dd ya share ma ba ɓacewa ya yi ba, p zai komo da shi inda ka ke so, ta haka a ke sauya wa layi wuri. In ka sa lamba a gaba, umarnin zai maimaitu: 3dd yana share layi 3, 10j yana sauko da kai layi 10. In an rubuta sunan gari ba daidai ba a wuri hamsin, ba sai ka bi su ɗaya ɗaya ba. Buga :%s/Gwarzu/Gwarzo/g ka danna Enter, an gyara su duka.

HARUFFA MASU LANƘWASA

Malamai da yawa su kan bar lanƙwasa don ba su same ta a madannai ba, alhali kuwa baki daban ne da baƙi, haka kuma dauka ba ɗauka ba ce. A takardar shari'a irin wannan kuskure yana iya jawo rigima. A halin rubutu ka danna Ctrl tare da v, sa'an nan u, sa'an nan lambar harafin. Ga lambobin: ƙ 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, Ƙ 0198, Ɗ 018a, Ɓ 0181. Ka rubuta su a 'yar takarda ka manna kusa da allo.

ADANAWA DA FITA

Nan ne masu koyo su kan maƙale. Ka danna Esc tukuna. Buga :w don adanawa, :q don fita, :wq don duka biyu, kowanne ka bi shi da Enter. In ka ɓata takarda kana so ka fita ka bar ta yadda ta ke tun da fari, buga :q! amma ka sani duk abin da ba ka adana ba ya tafi. Ka saba da buga :w bayan kowane sakin layi. In wuta ta ɗauke kana cikin aiki kada ka fid da rai, gama Vim tana ajiye kwafi a ɓoye. Da wuta ta komo ka buga vim -r dagatai.txt, yawancin aikinka zai komo.

AIKIN GWAJI

1. Rubuta sunayen unguwanni 10 na ƙasarku, kowane a layinsa, ka adana, ka fita, ka sake buɗewa.
2. Share layi na 3, ka komo da shi da u.
3. Ɗauke layin ƙarshe ka mai da shi ƙarƙashin na fari.
4. Rubuta Ƙofar Mata da Ɗanbatta da lanƙwasarsu.

Akwai kuma darasi da ke zuwa tare da manhajar. Buga vimtutor a baƙin allo. Wajen rabin sa'a ya ke ci.

Muna roƙon Hakimai, Allah ya ja zamaninsu, su ba malamansu rabin sa'a kowace safiya har mako biyu domin wannan gwaji, kuma su hana su koyo a kan ainihin rajistar ofis. A yi a kan kwafi tukuna, har hannu ya faɗa.